Injin Baba da Gyaɗar Mama

Mahaifina ya yi ritaya daga aiki a Numan ya dawo Mubi da abu uku: hawan jini, agogon bango da abokan aiki suka ba shi, da injin kwalekwale. Na farko da na biyu ba wanda ya yi mamakinsu. Na ukun ne ya tara mana unguwa a ƙofar gida ranar da aka sauke shi daga mota, an naɗe shi da tsohon bargo, mutum biyu suna ɗauke da shi, Baba yana binsu yana cewa a hankali, a hankali.

Mu mutanen dutse ne. Iyayena daga tsaunukan Michika suka sauko, kuma a danginmu kaf ban san mutum ɗaya da ya iya ninƙaya ba. Kogin da ke gefen garinmu, wanda kowa ke ce wa mayo kamar yadda Fulani ke faɗa, wata tara yashi ne zalla, masu tifa ke cin abinci a cikinsa. Sai damina ta yi nisa yake tuna cewa shi kogi ne, ya cika ya tumbatsa, ya cinye gonaki da awakin mutane, sannan ya koma ya kwanta kamar ba shi ba. Wannan kogin Baba ya sayo wa inji.

Aikin Baba a Numan kula da sito ne. Iyakar saninsa da jirgin ruwa shi ne ya zauna a tsakiya, ya rungume jakarsa, ya rufe ido har a tsallake. Amma kafin mako ya zagayo maƙwabta sun sa masa suna Kyaftin. Su da zolaya suke faɗa, shi kuwa da gaske yake amsawa. Ya sa kafinta ya kafa masa katako a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, aka rataye injin a kai, ƙafarsa mai farfela tana lilo a iska. Ya kuma ba kafintan aikin kwalekwalen kansa, aka yi alkawarin wata biyu.

Kowane mai mota a Mubi ya san cewa inji ba ya son zama. Ko ba za ka je ko'ina ba, da safe ka tayar da shi ya ɗumama. Haka muke yi wa mota, haka muke yi wa janareto. Don haka duk ranar Asabar bayan karin kumallo Baba zai sa hularsa, ya haɗa fetur da baƙin mai a gwangwani, ya ja igiya. Injin ya kama ruri, kaji su watse, hayaƙi mai shuɗi ya cika gidan. Minti biyu, minti uku, sai ya ɗora tafin hannu a murfin, ya ji ya ɗau zafi sosai, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya kashe. Ni ne mai riƙe masa katakon kada ya faɗi. A lokacin ina da shekara talatin da wani abu, ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma a gidanmu duk abin da ke da waya ko ƙarfe ni ake tambaya.

Wata Asabar Mama tana ɓare gyaɗa a bakin ƙofar kicin, sai ta ɗaga murya ta rinjayi ƙarar injin.

"Baban yara, ni fa a Numan ban taɓa ganin an kunna wannan abu a tudu ba. Kullum ƙafan shi yana cikin ruwa."

Shekara goma sha ɗaya Mama ta yi tana soya kifi a bakin tashar kwalekwale a Numan, da shi aka biya mini rabin karatuna. Amma ba wannan na tuna ba a lokacin. Abin da na tuna shi ne ina da satifiket. Baba ya dube ni, ni kuma na gyara tsayuwa, na yi mata bayani dalla-dalla, da irin muryar da nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ce inji inji ne, a ruwa ko a tudu. Na ce ƙafar tana shiga ruwa ne kawai don farfela ta tura jirgi. Na ce idan aka bar shi a zaune tsatsa za ta ci shi. Har da kalmomin Turanci biyu na sa a ciki don maganar ta yi nauyi.

Ta ce, "To, ni ban yi makaranta ba." Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Gyaɗar da take ɓarewa ba irin ta kasuwa ba ce. Ƙanana ce, ja wur, mai yawan mai, kuma irin na mahaifiyarta ne daga dutse. Ranar da aka kawo Mama gidan aure an sa mata shi a ƙullin zane, tun daga nan ba shekarar da ba ta shuka shi ba, ko a Numan sai da ta samu ɗan fili a bayan gida. Ƙauyen da irin ya fito ya watse a shekarun tashin hankali, waɗanda suka koma kuma sun koma da irin kasuwa. Iyakar saninmu, abin da ya rage na wannan gyaɗa shi ne abin da ke cikin ƙwaryar Mama.

A wannan shekara filin da ta saba shukawa kusa da gida mai shi ya sayar, an zuba bulo. Akwai gonar Baba ta gado a tsallaken mayo, wajen Wuro Patuji, ƙasa mai kyau, amma Mama tana tsoronta saboda kwasar amfani. Idan kogi ya cika sai an zagaya ta gada, daga gada kuma hanyar gonar zaizaya ta cinye ta, ko keke ba ya shiga, tafiyar awa biyu ce a ƙafa cikin taɓo. Baba ya buga ƙirji ya ce wannan ai tarihi ne, yanzu gidan nan akwai jirgi. Mama ta dube shi, ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta kwashe irin duka ta shuka a can, ba ta rage ko cikin hannu ba.

Wata biyun kafinta ya zama wata bakwai, kamar yadda watan kafinta ya saba zama. Kwalekwalen bai iso ba sai ƙarshen Satumba, daidai lokacin da Mama da mata uku da ta ɗauka suka gama tuge gyaɗar, suka tattara ta kashi-kashi da ganyenta, 'ya'yan suna kallon rana. Abin da ya rage a kwaso ta kafin ruwan ƙarshen damina ya sauka a kanta. Gyaɗar da aka tuge ba ta jure ruwa. Idan ta jiƙe ta kwana biyu uku, sai ta tsira a cikin ɓawonta, wadda ba ta tsira ba ta yi fumfuna.

Ranar Litinin muka kai jirgi bakin mayo. Rabin unguwa ya biyo mu, don a Mubi ba kullum ake samun kallon kyauta irin wannan ba. Wani dattijon cocinmu ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci Nuhu, ya ambaci Yunana, wanda a ganina bai kamata a tuna da shi a wurin ba. Ni da Baba muka shiga. Ja ɗaya injin ya tashi, Baba ya waiga ya dubi taron da fuskar mutumin da Asabar talatin ɗinsa ba su tafi a banza ba.

Mun kai tsakiyar kogi na fara jin wari, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Murfin injin ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Ƙarar ta sauya, ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Shirun nan har yau ina jinsa. Ruwa ya juya mu ya fara tafiya da mu, ga filafili biyu a cikin jirgin, ga maza biyu da ba wanda ya taɓa riƙe filafili. Allah ya taimake mu muka maƙale a wani tudun yashi, masu haƙar yashi suka shigo ruwa iya ƙirji suka jawo mu da igiya. Kyaftin ya sauka da takalmi ɗaya.

Washegari muka kira makaniken unguwa. Mutumin kirki ne, kuma a kan janareto da babur da injin ban ruwa ba a ja da shi. Bai taɓa ganin injin kwalekwale ba sai a waya, amma makanike ba ya cewa bai sani ba, kamar yadda malamin makaranta ba ya faɗa. Ya zagaya shi sau biyu, ya tsotsi haƙori.

"Baba, fulogi ne. Fulogin nan ya mutu tun a Numan."

Aka sayo fulogi. Muka ɗaure jirgin da doguwar igiya a jikin bishiya, don mun yi hankali, aka tayar. Minti huɗu, wari ya dawo. Makanike ya ce to baƙin man ne ya yi kaɗan. Aka ƙara, hayaƙi ya kori masu kallo, zafi yana nan. Ranar Laraba ya kwance kafireta, ya wanke ta da fetur, ya hura ta da baki. Zafi yana nan. Daga nan sai ni na kawo tawa gudummawar. Na ce matsalar iska ce, injin a rufe yake ruf, ta ina zai sha iska? Makanike ya ce wallahi Ticha ya gano, abin da ke bakinsa ke nan. Muka cire murfin, muka jiƙa buhun algarara muka yafa masa, Baba yana yi masa fifita da kwalin taliya. Maza uku a bakin kogi cike da ruwa, muna yi wa injin ruwa fifita.

Duk kwanakin nan hankalin Mama yana kan hadari. Da safe ta fito ta dubi gabas, wajen duwatsu inda hadarinmu ke tasowa, da yamma ta sake dubawa. Ranar Talata an ɗan yi yayyafi, na ga ta tsaya a tsakar gida ta buɗe tafin hannu tana auna shi. Abincinmu kuwa bai taɓa latti ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Ranar Alhamis ta kawo mana kunu bakin mayo da kanta. Ta ajiye jug ɗin, ba ta koma ba.

"Ku kunna shi in gani."

Makanike ya yi murmushi ya ja igiya. Mu duka muna kallon kan injin, inda zafi yake. Ita kuwa ta zagaya ta tsuguna tana kallon bayansa, ƙasa da murfi, inda akwai wani ɗan rami da bai kai ƙwayar masara ba.

"Kashe, kashe. Ba ya fitsari."

Makanike ya yi dariya har da riƙe ciki. Mama ta jira ya gama. Ta ce a Numan duk direban jirgi idan ya ja igiya, ba gabansa yake fara kallo ba, baya yake waigawa. Dole ya ga ruwa yana tsartowa daga ramin nan siriri, shi suke ce wa fitsari. Idan babu, nan take yake kashewa, ko da fasinja sun cika suna zaginsa. Ta ce injin daga kogi yake shan ruwa ta ƙafarsa, ruwan ya zagaya cikinsa ya sanyaya shi, ya fito ta nan. Shekara goma sha ɗaya tana kallon wannan waigen kowace safiya, tana juya kifi.

Ta zaro tsinken tsintsiya daga ɗaurin ɗankwalinta ta zura a ramin. Busasshiyar laka ta zubo, zanzaro ya yi gini a ciki tun a ƙarƙashin mangwaro. Muka yi murna, muka ce shi ke nan, laifin zanzaro ne, kuma ba abin da ya fi daɗi kamar a samu mai laifin da ba ya magana. Aka tayar, ba ruwa. Ta ce a ɗaga ƙafar. A gefenta akwai wasu 'yan tsagogi da ruwa ke shiga, ta cire guntun leda da yashi da farcenta. Aka sake tayarwa, ko ɗigo.

Ta ce iyakar abin da ta gani da idonta ke nan, sauran sai masu shi. Ta kwance wayarta daga bakin zane ta kira wata tsohuwar ƙawarta a Numan, wadda mijinta ya tsufa a tuƙin jirgi. Bayan an gama gaisuwa da tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya, aka ba mijin, ta buɗe murya kowa ya ji. Ya saurari bayani, ya yi tambaya ɗaya tak.

"Kun taɓa kunna shi ba a cikin ruwa ba?"

 Makanike ya dubi Baba, Baba ya dubi kogi, ni na dubi takalmina.

Baba ya ce, "E to, sau ɗaya haka, sau biyu."

Mama ta ce, "Duk Asabar. Tun kafin Ista."

Mutumin nan ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi, muna jin yana kiran wasu su zo su ji abin da mutanen Mubi suka yi. Da ya lafa ya ce a cikin ƙafar injin akwai wata 'yar roba mai fukafukai, ita ke jawo ruwa sama. Ruwan da take jawowa shi ne man da ke sa ta santsi. Idan ta juya a bushe, kafin ka gama Addu'ar Ubangiji ta ƙone. Ya ce abin mamaki ma da injin bai narke gaba ɗaya ba, lallai akwai mai yi mana addu'a.

Ya faɗa wa makanike ƙusoshin da zai kwance. Aka zare ƙafar, aka buɗe wani ɗan gida na ƙarfe. Robar ba ta fi murfin kwalbar man shafawa girma ba. Fukafukanta shida, biyu ne suka rage, su ma sun ƙandare sun yi baƙi, sauran sun gutsuttsure. Makanike ya ɗaga ta sama ya ce dama shi tun ranar Talata zuciyarsa take ba shi cewa matsalar tana ƙasa.

A Mubi kaf babu mai sayar da wannan roba, kuma ban ga laifin 'yan kasuwa ba. Mijin ƙawar Mama ya ce zai saya ya ba direba, ta kwana a Yola, ta iso ranar Juma'a da rana. Ranar Juma'ar tun da hantsi na tafi tasha na zauna a benci, ina kiran direba duk rabin awa, ina jin cewa ina yin wani muhimmin aiki. Baba da makanike suna bakin mayo suna tsince gutsattsarin tsohuwar robar daga bututu da waya, kamar yadda aka umarce su. Ba wanda ya tambayi ina Mama take.

Wajen ƙarfe uku gabas ta yi baƙi. Motar ta shigo tasha tare da iskar farko, na karɓi 'yar ledar na sa a aljihu, kafin in samu keke ruwa ya kece. Ba yayyafi ba ne wannan karon. Na iso gida jiƙe sharkaf, na tarar da Baba a zaure yana kallon ruwa, na tambaye shi Mama, ya ce ya zaci tana kasuwa. Sai gab da magariba ta shigo. Taɓo har gwiwa, ba takalmi, a kanta babban daro, ta lulluɓe shi da ledar shimfiɗa da zanenta na sama, ita kuwa ruwa na zuba a jikinta. Tun asuba ta zagaya ta gada ita kaɗai, ta zauna a gona ta zaɓi kashin da ya fi bushewa, ta tsinke 'ya'yan da hannu har daro ya cika, ta ɗauko. Shekararta sittin da biyu a lokacin. Na taya ta saukewa, wuyanta ya ƙi juyawa. Ba ta zauna ba sai da ta baje gyaɗar a kan tabarma a tsakiyar ɗakinta.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ina da ƙafa biyu da kai lafiyayye, da na bi ta da daro biyu aka kawo, ko uku in an kira makanike. Ban ma yi tunanin abin ba, ina can ina gadin benci.

Ranar Asabar aka sa sabuwar roba. Aka shafa mata sabulu, aka murɗa sandar ƙarfen da robar ke hawa ta hannun dama har fukafukan suka lanƙwasa suka shiga gidansu, aka mayar da ƙafar. Ba wanda ya ko taɓa igiya sai da aka ciko ganga da ruwa aka tsoma ƙafar a ciki. Ja ɗaya, ruwa ya tsarto daga ramin, siriri, mai ƙarfi. Muka bar shi rabin awa, murfin bai wuce ɗumi ba. Aikin duka bai kai awa ɗaya ba.

Sai dai ruwan sama kwana biyu ya yi yana zuba, mayo kuma ya haukace, ya ɗauko itatuwa da gawar tunkiya, ko Kyaftin bai yi maganar shiga ba. Sai ranar Laraba muka tsallaka. Injin ya kai mu lafiya lau, ina waige ina kallon fitsarinsa tun daga wannan gaɓa har waccan. Tun daga nesa muka ji warin gonar. Na ɗaga kashin farko, ƙasansa ya yi fari da tsiro, 'ya'yan sun fashe sun fito da saiwa, sauran sun yi baƙi. Sawu huɗu muka yi muna kwaso ganyen, awakin maƙwabta suka ci moriyar jirgin Baba.

Daron Mama da ya bushe aka ɓare, ya ba da mudu uku da ɗan kai. A shekarar ba wanda ya ɗanɗani gyaɗar nan a gidanmu, ba ƙuli, ba miya, ba soyayya ranar Kirsimeti. Ta gauraya ta da toka ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Baba ya daina sa hular Asabar. Idan aka kira shi Kyaftin a hanya sai ya yi kamar da wani ake.

Ranar da hutun rabin zango ya ƙare zan koma makaranta, Mama ta biyo ni ƙofa. Duk komawa ta saba ba ni ƙullin soyayyar gyaɗa in riƙa ci a ɗakin malamai. Ta miƙo mini ƙulli a leda kamar kullum, amma ba nauyi. Na buɗe, ƙonanniyar robar ce, ta wanke ta tas.

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Haƙurin me? Iri yana nan. Kai dai ka kai wannan aji, ka nuna wa yaran. Kai ka iya bayani."

Tana cikin aljihun teburina har yanzu, tare da alli da jan biro. Kowace shekara idan muka zo darasin zafi nakan fito da ita, kuma nakan faɗi wanda ya gano ciwon da wanda ya riƙe katako.